Hira, taron tattaunawa ko zama cikin mutane: wanne ya dace da bincikenka na farko?

Yawancin ɗaliban da ke ce mini sun zaɓi binciken da ba na alƙaluma ba, in na matsa musu da tambaya sai in tarar dalilin ɗaya ne: tsoron lissafi. Sun ga abokansu suna fama da manhajar lissafi ta SPSS da jadawali, sai suka ce su kam hira za su yi da mutane a wuce wurin. Bayan wata uku sai ka ga mutum da sautin hira na awa ashirin a waya, bai rubuta ko ɗaya ba, bai kuma san abin da zai yi da su ba. An gudu ba a tsira ba.

Irin wannan bincike ba sauƙi ya fi ba. Tambayarsa ce daban. Takardar tambayoyi da ake raba wa ɗaruruwan mutane tana amsa "mutum nawa" da "kashi nawa". Shi kuwa wannan yana neman "yaya abin yake faruwa" da "me yake nufi ga masu yinsa". Hanyoyinsa da sabon mai bincike zai fi cin karo da su huɗu ne: hira da mutum ɗaya-ɗaya, tara mutane su tattauna, zama cikinsu ana lura, da karanta takardun da suka bari. Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki batu guda mu auna su a kansa. A ce kana son sanin abin da ya sa matan wata unguwa a Kano suke riƙe da adashe har yau, alhali ga banki, ga mai POS a bakin layi, ga manhajar tura kuɗi a waya.

Hira da mutum ɗaya ita ce wadda kusan kowa ke fara tunani, kuma a ganina ita ta fi dacewa da mai koyo. Wadda ake so ba ta karanta tambaya ana jiran e ko a'a ba ce, ba kuma hirar zaure ba wadda ke tafiya inda iska ta kaɗa ta. Tsaka-tsaki ce: kana da batutuwa kamar takwas ko goma a takarda, amma kana bin bakin mai magana in ya buɗe wata ƙofa. Ƙarfinta yana wurin abin da mutum ba zai faɗa a gaban jama'a ba. Matar da ta shiga adashe don kada mai gida ya san adadin abin da ke hannunta, ko wadda aka taɓa cinye wa zubi ta yi shiru saboda uwar adashen 'yar uwar mijinta ce, ba za ta faɗi haka ba sai ku biyu, kuma sai ta natsu da kai.

Akwai misali a ƙasarmu da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Lokacin da M. G. Smith ke bincike a ƙasar Zazzau, ya kasa kaiwa ga matan da ke cikin kulle, domin namiji ne baƙo. Matarsa Mary Smith ce ta zauna da wata tsohuwa, Baba, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa. Abin da ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo hira ce da mace ɗaya tak, amma daga bakinta aka ji yadda aure da saki, ƙawance, bori, kishi da zamanin kamen bayi suke ga macen da ta rayu a cikinsu. Ba na cewa ka je ka yi hira da mutum ɗaya ka kai wa malaminka. Abin lura biyu ne: zurfi yana iya rama yawa, kuma wanda ke tambaya yana daga cikin abin da ke tantance amsar. Idan kai namiji ne kana son jin ta bakin matan aure kan kuɗinsu, ka sani tun yanzu cewa iyakarka zaure, sai ka nemi mace ka koya mata aikin, ko ka sauya batu. Idan ke mace ce, ƙofar cikin gida a buɗe take gare ki, amma majalisar dattawa bayan la'asar za ta yi miki wuya.

Raunin hira shi ne baki yana faɗin abin da ya kamata, ba lallai abin da ake yi ba. Ka tambayi mace, "Hajiya, me ya sa kike adashe?" za ta ce, "To, don rufin asiri." Ka tambayi goma, amsar ke nan. Ba ƙarya suka yi ba, tambayar ce ta nemi amsar da kowa ya haddace. Gwada ta wata fuskar: "Inna, ba ni labarin kwasar da kika yi ta ƙarshe. Da kuɗin suka shigo hannunki, me kika fara yi?" A nan ne za ka ji zancen kayan ɗakin 'ya, da bashin da aka biya a ɓoye, da ɗan akuyar da aka saya aka kai ƙauye kiwo. Mutane sun fi iya ba da labarin abin da ya faru a kan bayyana dalilinsu. Sannan ga kunya, wadda littattafan koyar da bincike da aka rubuta a Turai da Amurka ba su san da ita ba. Mace ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, wata ma in ka ce 'ya'yanta nawa sai ta tsallake na farin. Wanda bai san wannan ba zai rubuta a kundinsa cewa ta ɓoye bayani.

Tambayar da ba ta ƙarewa ita ce hira nawa ta isa. Amsar da aka fi ambata ta fito ne daga wani nazari da Greg Guest da abokan aikinsa biyu suka wallafa a 2006, kuma abin sha'awa a yankinmu aka tattara bayanansa: hira 60 da mata a Ghana da Najeriya. Da suka bi hirarrakin daki-daki, sai suka ga kusan duk jigogin, wato manyan batutuwan da ke ta maimaituwa a bakin matan, sun riga sun bayyana a cikin 12 na farko. Tun daga nan ɗalibai suka riƙe 12 kamar lambar da aka saukar. Amma matan da aka yi hirar da su yanayinsu iri ɗaya ne, tambayoyin kuma a taƙaice suke. Kai da kake da masu zubi, da iyayen adashe, da waɗanda suka daina, da mazajensu, rukuni huɗu ke gare ka, kowanne da nasa labarin. Abin da za ka yi shi ne ka riƙa nazari kana cikin hirar, ka tsaya a kowane rukuni idan ka ga sabuwar hira ba ta ƙara maka komai.

Kafin ka yi alkawarin hira 40 a takardar neman amincewa, yi wannan lissafin, ko da ba ka son lissafi. Sautin awa ɗaya yakan ci awa biyar zuwa shida kafin a mayar da shi rubutu kalma da kalma, balle in akwai kukan yaro da ƙarar injin markaɗe a bayansa. Hira 15 ke nan ta kusa cin awa 90, ba a zo maganar fassara zuwa Ingilishi ko Faransanci ba. Manhajojin da ke mayar da magana rubutu sun fara jin Hausa, amma sai ka bi bayansu kana gyara, musamman in mai maganar Basakkwace ne ko Ba'are.

Taron tattaunawa kuwa shi ne wanda ɗalibai ke ɗauka gajeriyar hanya: maimakon hira takwas, a tara mutum takwas a gama a zama ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Asalin hanyar ba don rage wahala aka ƙirƙiro ta ba. A farkon shekarun 1940 Robert Merton da Paul Lazarsfeld a Jami'ar Columbia suna tara masu sauraren rediyo su ji shiri ɗaya tare, sannan a tambaye su abin da ya taɓa su, daga baya aka yi amfani da dabarar wajen auna tasirin finafinan horar da sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ake nema a taro shi ne abin da ke faruwa tsakanin mutanen: inda suka yarda, inda suka yi musu, abin da ya ba su dariya, maganar da aka yi kowa ya yi tsit. In kana son sanin ƙa'idar da mata suka yarda da ita kan wadda ta makara da zubi, ko yadda ake yanke wa za a ba kwasar farko, taro ya fi hira nesa ba kusa ba. Wata za ta ce ana cin tara, wata ta katse ta ta ce a nasu ba a yi, ta uku ta kawo labarin abin da ya faru bara. Cikin minti goma ka ji abin da hira biyar ba za ta ba ka ba.

Amma a wurinmu taro yana da sarki ko ba a naɗa ba. Na taɓa tara mata tara a wani gida, ban lura ba ashe ɗaya daga cikinsu ita ce uwar adashen sauran. Awa ɗaya da rabi ita ke magana, sauran suna "haka ne, Hajiya". Na koma gida da murna, sai da na zauna rubutawa na ga ra'ayin mutum ɗaya na ɗauko da amshin mutum takwas. Taron tsintsiya ba shara. Yaro ba ya musu da babba a gaban mutane, amarya ba ta buɗe baki gaban uwar miji, talaka ba ya gyara wa mai unguwa zance. Saboda haka in za ka yi taro, sai ka raba: 'yan mata daban, matan aure daban, masu riƙe kuɗi daban. Kowane rukuni kuma yana son zama biyu ko uku kafin ka amince cewa abin da ka ji ba na mutanen ranar ba ne kawai. Mutum shida zuwa takwas sun isa zama ɗaya. Kana bukatar mataimaki da zai riƙa rubuta wa ya ce me, domin a rikoda muryoyi cakuɗewa suke yi. Ga kuɗin lemo da na mota. Ka tara duk wannan ka ga ko gajeriyar hanya ce.

Akwai kuma abin da ba a kai shi taro sam. Duk batun da ya shafi bashi, cuta, zaman aure ko abin kunya, kai za ka iya yin alkawarin riƙe sirri, amma ba za ka iya ɗaukar wa sauran mutum bakwai wannan alkawarin ba. Gobe za su haɗu a gidan suna.

Hanya ta uku ita ce wadda na fi so, kuma ita ce nake yawan hana ɗalibai ɗauka. Zama cikin mutane, ana ci ana sha tare, ana lura ana rubutawa. Bronislaw Malinowski ne ya kafa ta a matsayin ginshiƙin ilimin nazarin al'umma bayan zaman da ya yi a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918. Hujjarta Bahaushe ya riga ya faɗe ta: gani ya kori ji. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, a lokacin da masana da yawa ke ɗaukar cewa manoman karkara duk talaucinsu ɗaya. Zaman ya nuna mata bambanci mai yawa tsakanin gida da gida, ya kuma nuna mata kasuwar da ba a gani: cinikin hatsi da abinci da mata ke yi daga cikin gidajensu, yara na kai da kawowa. Wanda ya tsaya a bakin kasuwa yana ƙirga rumfuna ba zai taɓa ganin wannan ba. Abner Cohen ma da ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, zaman ne ya fahimtar da shi yadda fataucin goro da shanu ke tafiya bisa amana da bashi ta hannun masu gida, ba tare da takarda ba.

A batunmu na adashe, zama a gidan uwar adashe ranar zubi zai nuna maka abin da ba wanda zai tuna ya faɗa maka. Wa ke zuwa da kanta, wa ke aiko yaro. Wa ake ɗaga wa ƙafa in ta ce sai jibi, wa ake aika wa saƙo mai zafi. A hira an ce maka ƙa'ida ɗaya ce ga kowa. Ido zai nuna maka ba haka ba ne. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, wadda Jean-Pierre Olivier de Sardan yana cikin waɗanda suka kafa ta, sun gina ayyuka da dama a kan wannan tazarar, tsakanin dokar da ke rubuce da ƙa'idar da ma'aikata ke bi a zahiri a asibitoci da ofisoshi.

To me ya sa nake hana ɗalibai? Lokaci. Makonnin farko ba kai ke kallon mutane ba, su ke kallonka. Wani ya ce daga gwamnati kake, wani ya ce ƙungiyar agaji ce ta turo ka a rubuta sunaye, sai kowa ya gyara zama ya fara lissafa maka matsalolinsa. Sai an gaji da kai, an daina shimfiɗa maka tabarma ta musamman, sannan aikin ke farawa. Wannan yakan ɗauki watanni, ɗalibin digirin farko kuwa zango ɗaya gare shi, yana kuma shiga aji. Sannan rubutun kullum: duk daren da ka kwanta ba ka rubuta abin da ka gani ba, ranar ta tafi. Mai digiri na uku da ke da shekara guda a fili, wannan hanyarsa ce. Wanda ke da mako takwas kada ya rubuta a babi na uku, inda ake bayyana hanyar bincike a kundi, cewa ya yi ta.

Wani zai ce ai unguwarmu ce, an san ni, ba na bukatar watannin sabo. Gaskiya ne, kuma babbar dama ce. Sai dai ɗan gari yana da tasa makantar: abin da ya saba gani tun yana yaro ba ya ganinsa a matsayin abin tambaya. Kuma matar da ta san mahaifiyarka ba lallai ta gaya maka wanda take bi bashi ba.

Takardu su ne hanyar da aka fi mantawa da ita, alhali ba sa gajiya, ba sa jin kunya, ba sa neman kuɗin mota. Littafin da uwar adashe ke rubuta zubi a ciki, in ta yarda ta nuna maka, zai gaya maka wata nawa aka fi makara, ko gabanin salla ne ko lokacin komawa makaranta. Mai batun da ya shafi tarihi yana da Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fita a 1939. Abin da za ka riƙe shi ne kowace takarda wani ne ya rubuta ta don wata bukata tasa. Rahoton jami'in mulkin mallaka yana gaya maka abin da ya dame shi, wato haraji da zaman lafiya, ba abin da ya dami talakan da ake karɓar harajin a hannunsa ba. Yanzu kuma adashe da yawa ya koma WhatsApp. Kasancewarka a cikin zauren bai ba ka izinin kwashe maganganun mutane ka sa a kundi ba. Sai ka nemi yardarsu, ka kuma cire suna da lamba.

Idan ka zo wurina da batun adashen nan da wata uku a hannu, ga abin da zan ce maka. Ka sa hira ta zama ƙashin bayan aikin, kamar 15 zuwa 20, a rarrabe tsakanin masu zubi, masu riƙewa da waɗanda suka fita. Kafin ka fara, ka je ranar zubi sau biyu ko uku ka zauna kawai, ba rikoda, domin tambayoyin da za ka rubuta bayan ka gani sun fi waɗanda za ka rubuta a ɗakin karatu. Ka kira wannan da sunansa, ziyarar lura, kada ka kumbura shi. Taro kuwa ka ajiye shi zuwa ƙarshe, in lokaci ya ragu: ka tara mata shida da ba mai iko da wata a cikinsu, ka gaya musu abin da kake ganin ka fahimta, ka bar su su gyara maka. Da a ce tambayarka ita ce yadda mata ke kallon sabuwar manhajar ajiya, da na juya tsarin na sa taro a gaba. Da kuma tambayar ita ce mace nawa ke adashe a unguwar, da na ce ka koma ka yi sulhu da lissafi, domin hira 20 ba ta ba da kashi cikin ɗari, kuma duk wanda ya rubuta "kashi 70 na waɗanda aka yi hira da su" a kan mutum 20 ya haɗa hanyoyi biyu ya ɓata duka.

Sai maganar manyan sunaye da ake cusawa a babi na uku. Ɗalibi zai rubuta cewa ya bi tsarin Glaser da Strauss na 1967, wanda ake gina ra'i daga bayanan fili, alhali tsarin yana bukatar ka yi hira, ka yi nazari, nazarin ya nuna maka wanda za ka nema na gaba, ka sake komawa, har sai ra'in ya tsaya da ƙafarsa. Wanda ya yi hirarsa duka a mako biyu sannan ya zauna nazari bai yi wannan ba, kuma mai jarrabawa da ya san aikinsa zai gane a tambaya ɗaya. Ga mai farawa, fitar da jigogi bisa matakai shida da Virginia Braun da Victoria Clarke suka shimfiɗa a 2006 ya wadatar: ka karanta rubutun har ka saba da shi, ka yi wa kowane guntun magana laƙabi, ka tara laƙabobin da suka yi kama, ka sake auna su da abin da mutanen suka faɗa, ka raɗa wa jigogin suna, ka rubuta. Manhajoji irin su NVivo da ATLAS.ti suna taimakawa wajen tsarawa, amma ba sa yin tunanin, kuma hira 15 ba ta fi ƙarfin takarda da alƙaluma masu launi ba.

Ka yi nazarin da harshen da aka yi hirar. In ka fassara komai tun farko, "rufin asiri" da "mutunci" da "fita kunya" duk za su narke su zama kalma ɗaya ko biyu na Ingilishi, alhali bambancin da ke tsakaninsu wataƙila shi ne abin da ka je nema. Ka bar fassara sai guntayen da za ka kawo a cikin kundin, ka kuma ajiye Hausar a gefensu.

Game da izini, fom ɗin sa hannu da jami'a ke bayarwa yakan tsorata wanda bai yi boko ba, domin a saninsa ba a sa hannu a takarda sai a kotu ko wurin sayar da fili. Ka tambayi kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike a makarantarku ko zai karɓi amincewar baka da aka naɗa a rikoda. Ka fara gaida mai unguwa kafin ka shiga, amma kada ka bari shi ya zaɓo maka waɗanda za ka yi hira da su, don zai turo maka waɗanda yake so ka ji. In ka gama da mace ta farko, ka tambaye ta ko ta san wata da ta daina adashe, ka nemi ta haɗa ku.